Sawun Mota a Bayan Tsibiri: Ta'aziyyar Arvo Niskanen

Da safiyar Talata, goma sha ɗaya ga watan Fabrairu na shekarar 2025, Allah ya karɓi ran Arvo Niskanen a gidansa da ke bakin Tabkin Kivi a jihar Minnesota, yana da shekara tamanin da ɗaya. Mai ɗakinsa Marlys ce ta bugo mini waya. Ta ce ya sha kofinsa kamar kullum, ya leƙa taga ya ce iskar yau daga gabas take, kifi ba zai ci ba, sannan ya koma kujerarsa bai sake tashi ba. Wanda ya ba mu shi ya karɓi abinsa, kuma dukkanmu can muka nufa.

Arvo, mun haura shekara sittin tare. Ni na bi hanyar koyarwa har na riƙe makarantar garin nan, kai ka shiga ramin haƙar tama har ƙarfinka ya fara ja da baya. Na daɗe da ajiye aiki, amma ba ka taɓa daina kirana Hedimasta ba. An roƙe ni in rubuta 'yan kalmomi a kanka a jaridar garin nan, na kuwa amsa, sai dai ba don yabo kaɗai ba. Akwai maganar da na ɓoye maka shekara goma sha tara, wadda haƙƙinka ce ka ji, kuma ka tafi ban faɗa maka ba. Zan fara da alherinka, domin shi ya fi yawa.

Duk farkon Disamba, in sanyi ya daskarar da saman ruwa ya zama ƙanƙara, kai ne mutum na farko da ke taka tabkin. Kakan ɗaura igiya a ƙugu, ka ɗaure ɗaya bakin a jikin bishiya, ka shiga kana caka ƙarfe a gabanka taku bayan taku. In ka dawo sai ka rubuta kaurin ƙanƙarar da alli a allon ƙofar shagon kofi. Ba wanda ya naɗa ka wannan aiki, amma ba uwar da ke barin nata su hau tabki sai ta ga rubutun hannunka. Tsofaffin da kafaɗunsu suka gaza murɗa ƙarfen huda ƙanƙara sukan iso da safe su tarar an riga an huda musu ramukan fatsa, an kwashe ɓarɓashin. In sun yi godiya sai ka ce ai ba kai ba ne, wataƙila kifin ne suka huda daga ƙasa don marmarin ganinsu. Kowace Juma'a kuma akwai ƙunshin kifi fiɗaɗɗe da kake kaiwa gidan kula da tsofaffi, ba ƙaya ko ɗaya a ciki, domin ka ce wanda idonsa ya yi rauni bai kamata ya ci abinci da fargaba ba.

A ƙarshen Fabrairun 2006 ka tsaya a ƙofar gidana da a-kori-kurarka. Ka ce, "Hedimasta, ɗauko babbar rigarka. Zan nuna maka wani abu, amma bakin nan naka ka bar shi a gida."

Ka tuƙa mu a kan ƙanƙara har bayan tsibirin da ke cikin tabkin, daidai inda gindin tabkin ke sauka daga duwatsu zuwa laka. Ka huda rami biyu. Ƙugiyata ba ta gama nutsewa ba na ji an ja, na fito da perch, rawayan kifin nan namu mai ratsin baƙi, irin girman da ban taɓa gani ba: inci goma sha huɗu, cikinta dam da ƙwai. Ka gaya mini shekara ashirin ke nan ka san manyan matan kifin na taruwa a nan kafin ƙanƙara ta narke, kuma ba ka ɗibar fiye da uku ko huɗu a shekara.

"Waɗannan su ne iyayen tabkin," in ji ka. "Su ke zuba ƙwai mai kyau, su ne kuma ke cinye ƙananan da suka yi yawa. Ka ɗauki biyu ka kai wa mutanen gida. Sauran ka gaishe su, ka mai da su."

Na yi maka alkawari ba wanda zai ji.

Kwana uku bayan haka ina zaune a shagon kofi, Gunnar mijin ƙanwata ya sa ni gaba da tsiya kamar yadda ya saba, jama'a na dariya.

"Ranka ya daɗe, shugaban masu karatu! Littafi dubu a kai, bokiti wayam. Ni dai in na ga kana fatsa, tausayin tsutsar nake ji, sanyi kawai take sha a banza."

Na ce masa na kama mai inci goma sha huɗu. Ya ce a shafi na nawa. Sai girman kai ya rinjaye ni, na ce, "Je bayan tsibiri, inda duwatsu suka ƙare, ka gani da idonka."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Kafin Asabar, bukkokin fatsa da aka kakkafa a kan ƙanƙara sun haura talatin a wurin, har da na mutanen garuruwan nesa. Ba wanda ya karya doka. Kowa ya ɗebi adadin da aka halatta masa a yini, ya dawo gobe ya sake. Mako biyu aka yi ana haka, sannan manyan kifin suka ƙare, wurin ya yi tsit.

Ranar da aka janye bukka ta ƙarshe muna tsaye tare a gaɓa. Na ɗauka za ka tambaye ni. Maimakon haka sai ka ce, "Laifina ne, Hedimasta. Shekara ashirin da ƙafa nake zuwa, ta hanya dabam-dabam. Ran nan na ga gwiwarka na damunka, na shiga da mota. Sawun taya a kan sabuwar dusar ƙanƙara, miƙe ɗoɗar har bakin ramin. Wa zai gani bai bi ba?"

Na bar ka a kan wannan zato. Daga wannan rana ba ka sake hawa tabkin da mota ba. Kayan fatsarka a akwatin da ake ja a kan ƙanƙara kake zuba su, ka rataya igiya a kafaɗa, ka taka mil ɗaya da rabi zuwa, mil ɗaya da rabi dawowa, har ka haura shekara saba'in da biyar.

Cikin shekara huɗu tabkin ya canja. Kifi ya yi yawa fiye da da, amma duk 'yan ƙanana, da ƙyar su kai tsawon tafin hannu. A taron ƙungiyar masu gidaje a bakin tabki aka yi ta muhawara. Mafi yawan mutane, Gunnar a gaba, suna ganin magani ɗaya ne: kifi ya yi wa abincinsa yawa, don haka kowa ya cika bokiti, duk wanda ya kwashi da yawa ya taimaki tabkin. Maganar tana da daɗin ji, domin ta mai da kwaɗayi aikin lada.

Kai kuwa ka zo da ɗan gwangwani cike da ƙasusuwan kumatun kifi da ka dafa ka goge. Ka ɗaga ɗaya a hasken taga, ka nuna mana zobban da ke jikinsa irin na kututturen itace, kowane zobe shekara guda.

"Wannan inci biyar ne, amma shekararsa shida. Ba yaro ba ne, tsoho ne da yunwa ta hana girma."

Gunnar ya ce, "To ai maganata ka maimaita, likitan ƙashi. A kwashe su!"

Ka ce, "A kwashe waɗanne? Na sha leƙa bokitinka, mutumina. In ka kama ɗari, sai ka zaɓi manyan ciki ka tafi da su, ka zuba ƙananan a rami ka ce su je su girma. Ba rage su kake yi ba, kana dai cire duk wanda ya fara ɗaga kai. In da gaske taimakon tabki kake so, juya abin: ci ƙananan, saki manyan."

"Wa zai zauna fiɗar abin da bai kai yatsa ba? Ni matata korata za ta yi."

"Kawo mini, ni zan fiɗe. Ita kuma in ta kore ka, ba saboda kifi ba ne."

Aka kwashe da dariya, aka tashi ba a yanke komai ba. Amma kai ka cika maganarka. Ka zana layi a gefen akwatinka daidai inci tara. Duk kifin da ya wuce layin yakan koma ruwa tun kafin sanyi ya taɓa idonsa. Ƙananan kuwa, naka da na duk wanda ya kawo, kakan zauna a rumfar bayan gida da siririyar wuƙa ka fiɗe su ɗaya bayan ɗaya, kowane ya ba da tsoka biyu da ba su fi ganye ba. Marlys ta juya su a garin fulawa ta soya, a kai cin abincin majami'a. An yi maka dariya ba kaɗan ba. Wasu na cewa Arvo ya tsufa, ya koma fiɗar ƙwari. Wasu na tsayar da mota kusa da kai a kan ƙanƙara su tambaya ko an ƙwace maka lasin tuƙi ne. Ba ka taɓa mayar da baƙar magana ba. Sannu a hankali wasu suka fara zana nasu layin.

Ba zan ce ka warkar da tabkin ba, domin kai kanka ba ka yarda a faɗi haka ba. Shekara uku da suka wuce an fara ganin masu inci goma da sha ɗaya. Jami'ar kula da kifi da ta zo aune-aune ta ce mai yiwuwa dabararka ce, mai yiwuwa kuma manyan kifaye masu farautar ƙanana ne suka ƙaru, kuma abin da ya yi wa ƙaramin tabki irin namu amfani ba lallai ya yi wa babba ba. Ka ce da ita, "'Yata, ki rubuta duk wanda kika ga dama. Su dai su girma."

Sau da yawa na yi niyyar faɗa maka. Na ƙarshe a watan jiya ne, muna zaune a ɗakin suracenka. Na ce, "Arvo, maganar bayan tsibirin nan." Ka ɗaga hannu ka tare ni.

"Bar ta, Hedimasta. Kullum kana so ka lallashe ni. Na kusa yafe wa kaina, saura kaɗan."

Na ɗauki ludayi na zuba ruwa a kan duwatsu masu zafi, tururi ya rufe mu. Na ji tsoron rasa abokin da ba ni da kamarsa, na bar ka da nauyin da ba naka ba.

Bayan addu'ar jana'izarka na sami Marlys a madafar majami'a tana ɗauraye tukunyar kofi, duk da mata sun yi ta hana ta. Na gaya mata komai. Ta ƙarasa ɗauraye tukunyar ta kife ta. Da ta juyo, ba ta ɗaga murya ba.

"Leland, ka san sau nawa na jiƙa masa ƙafafu a ruwan ɗumi? In na ce ya ɗauki mota sai ya ce motar ta riga ta yi nata aikin."

Na ce ta yafe mini.

"Ni zan yafe, amma ba yau ba. Shi kuwa da ka faɗa masa, da ya yi kwana biyu bai kula ka ba, ran na uku ya zo ya huda maka rami. Kai ma ka sani. Yanzu ba ni za ka gaya wa ba. Mutanen da suka yi masa dariya suna nan, suna karanta jarida."

Saboda haka, jama'ar Tabkin Kivi, ku ji daga bakina. Ba sawun motar Arvo Niskanen ba ne ya kai mutane bayan tsibiri a shekarar 2006. Ni ne, Leland Hautala, na faɗa a shagon kofi, bayan na yi alkawarin yin shiru. Gunnar bai san cewa sirri ne ba, ba shi da laifi. Tafiyar ƙasan da kuka ga Arvo yana yi shekara da shekaru ba ruɗin tsufa ba ce. Hukunci ne ya yanka wa kansa a kan laifin wani. Bai taɓa cin amanar tabkin nan ba ko da kuskure.

Arvo, na faɗa, ko da yake na makara. Ba ni da damar jin amsarka a nan duniya, sai dai in sa rai da ita a can.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya saka maka da alheri a kan kowane rami da ka huda wa mai rauni da kowace loma da ka kai wa wanda ba ya iya fita. Allah ya hutar da ƙafafunka, ya sa ka a cikin salama da haskensa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Marlys, da 'ya'yanku Darlene da Curtis, da jikoki, da dukan dangin Niskanen na kusa da na nesa. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya tsaya muku a inda ya saba tsayawa. Mu kuma da muka rage, Allah ya ba mu ƙarfin faɗin gaskiya tun masu haƙƙin jin ta suna raye, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Leland Hautala
Tabkin Kivi, Minnesota