Ƙarar da Take Yi da Safe

A shekarar da ruwan tafki ya haura ya cinye shinkafar gaɓa kafin a yanke ta, na bar tuƙin jirgin kawuna na sayi tsohuwar mota. Matan Wara masu sana'ar kifi nake ɗauka da kayansu zuwa kasuwar Yelwa, in dawo da la'asar in shiga ajin yaƙi da jahilci. A shekarar ce na fara iya haɗa baƙaƙe.

Ban daɗe da motar ba ta fara wani abu da safe. Ina murza makulli sai in ji kacau-kacau daga gaban injin, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa. Kafin in gyara zama ta yi shiru. Inna, da ɗakinta ke jikin zauren da nake ajiye motar, ita ta fara yi mini magana.

"Motag ga taka tana tauna wani abu da safe."

"Sanyi ne, Inna."

Haka na sani. Na girma a kan ruwa, kuma duk injin jirgin da na taɓa ja sai ya yi tari da ƙara da sassafe, in ya ɗauki zafi ya daidaita. Na gaya wa kawu, ya yi dariya ya ce ko shi sai gwiwoyinsa sun yi ƙara kafin ya miƙe. Irin injin jirginmu ba shi da sarƙa a cikinsa kamar na mota, amma a lokacin babu wanda ya san bambancin a cikinmu.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Ƙarar ta fara daɗewa kafin ta ɗauke. In na tsaya ana loda daro, motar ta dinga rawa har madubi na kaɗawa. A hawan da take cinyewa cikin sauƙi a da, yanzu sai na rage giya, in taka totur ta yi nishi. Wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a gabana ta ƙi mutuwa. Na canza fulogi, ba ta daina ba. A aji malam yana rubutu a allo, ni kunnena na jin kacau-kacau.

Akwai wani bakanike a Yelwa, tsarana ne, muna wasa da shi. Na kai masa ita ba sau ɗaya ba. Ya buɗe bonet ya kasa kunne, injin na tafiya sumul, don kafin in iso daga Wara ta riga ta yi zafi.

"Sarkin ruwa, kunnenka ne ya sha ruwa," in ji shi.

"Da safe take yi."

"To ni da safe kana ina? Ko in bi ka gida in kwana ƙarƙashinta?"

Ran nan dai ya juye baƙin man a roba, ya karkata shi ga rana. Wasu ƙananan abubuwa na ƙyalli a ciki kamar ɓawon kifi. Sai ya daina dariya. Ya ce akwai sarƙa a gaban injin, sarƙar taimin, ita ke sa bawul su buɗe su rufe daidai da hawa da saukar fistin. In ta tsufa takan saki. Da safe, kafin mai ya hau ya matse ta, sai ta dinga dukan murfinta. Ƙarfen da take ci ne ke ƙyalli a man.

"Bar ta ta kwana nan, in ji ta da sanyi, in buɗe. In sarƙar ta tsallake haƙori, ba gyara za mu yi ba, jana'iza ce."

Na tsaya ina jujjuya makulli. Lokacin kifi ne, ruwa ya fara ja, matan sun riga sun gaya mini in zo da wuri gobe. Wanda ya bar su rana ɗaya a bakin ruwa da ɗanyen kifi, wani direban suke kira. Na ce masa bayan kasuwa zan kawo ta.

Washegari ƙarar ba ta ɗauke ba har muka fita gari. Na dinga tafiya a hankali, na kashe rediyo, matan na baya suna cewa ko jaki ya fi ni sauri. Mun yi nisa, rana ta ɗaga, a wani ɗan hawa na ji kas, sannan shiru. Na murza makulli, injin na juyawa fayau babu nauyi. Motocin da suka wuce duk cike suke. Muka ja darukan ƙarƙashin wata bishiya, ƙanƙara na narkewa tana bin ƙasa, ƙudaje suka taru. Babbar cikin matan ta zauna tana kore su da gefen mayafinta.

Da bakaniken ya buɗe injin, ya ajiye mini bawul ɗin a tafin hannu, a lanƙwashe.

Abin da ya tafi: kan injin da bawul takwas, fistin biyu, daro huɗu na karfasa da tarwaɗa, mata uku cikin biyar da nake ɗauka, da suka koma wa wani direba, da zango guda na karatu, don na koma ruwa da kawu kafin motar ta tashi.