Wata Uku Ina Shan Zoɓo Don In Rame

Ko tsufa ya kwashe mini hankali, akwai wautar da na tafka wadda na san ba zai iya tafiya da ita ba. Lokacin ina sarin albasa a Aliero ina kaiwa Jega, na yi ƙibar da 'yan kabu-kabu ke kawar da kai in na ɗaga musu hannu. Ran nan jiri ya kayar da ni cikin buhuna, sai asibiti. Likita ya ce jinina ya hau, in ban rage teɓa ba shanyewar ɓarin jiki na nan tafe. Na ga yadda ta yi wa wana, shekara biyu sai an juya shi. Tsoro ya kama ni.

Ina da abokin da muka shiga firamare tare. Ni na tsaya aji huɗu, shi ya zarce, shi ya sa ba ya buɗe baki sai da "Turawa sun ce". Na kai masa kukana.

"Wanga tumbi naka ai maganinai na cikin waya," in ji shi. "Turawa jar giyar inabi suke sha, kofi guda da marece. Ka taɓa ganin su da teɓa?"

"Ni da ba a raba ni da sahun gaba, giya zan sha?"

"Ni dai abin da na karanta na faɗa maka."

Na koma gida na yi nazari irin na ɗan aji huɗu. Giya iri-iri ce, amma ja aka ce. Ke nan sirrin a jan yake. To me ya fi zoɓo ja? Ga shi halal. Ranar ji na yi na yi wa Shaiɗan da Turawa wayo lokaci guda.

Na sa matata ta jiƙa. Kurɓar farko tsami ya kama mini haƙora, na ce ta zuba sukari.

"Malam, magani da sukari?"

"Ke boko kika yi? Ƙara!"

Ta ƙara. Bature kofi guda ya ishe shi, ni kuwa jikina ya yi nasa biyu, don haka kwano nake cikawa bayan magariba. Abin kuma ga buɗe ciki, malmala uku ba ta kai mini ko'ina. Da riguna suka fara kama ni, har Maiyama na je na zazzagi telana, wai ya ci mini yadi.

Wata uku cur na koma asibiti ina taƙama. Na hau sikeli. Likita ya duba, ya ce in sauka in sake hawa. Ya ɗebi jinina, sannan ya ce, "Baba, tsakaninka da Allah, mi kake sha?"

Na zayyana masa dabarata tiryan-tiryan. Sai da ya cire tabarau ya share hawaye.

"Ita giyar ma ƙiba take ƙarawa, ta haɗa da cin hanta. Kai kuma sukari ka yi ta ɗura wa kanka, ka shafa masa ja."

Na shiga da ciwo ɗaya, na fito da biyu, har da na sukari. Da na tare abokin nawa, ko kunya babu ya ce, "Yo ni na ce ka sha zoɓo?"

Gaskiyarsa, kuma ita ta fi ƙona mini rai. Yau shayina ba sukari, tuwona rabin malmala. Abin da na koya shi ne, jahili in bai sani ba tambaya yake yi. Mu masu rabin karatu, mu ne ke haɗa wa kanmu guba har mu tsawata wa mai hana mu.