Miyanda a Rajistar Aji Ɗaya

Lissafi ne ya kayar da ni. Shekara biyar na yi a kwalejin horon malamai, na ci komai, har koyarwar gwaji aka yaba min, amma da sakamako ya fito sai ga lissafi da jan biro. Ma'anarsa ba za a ba ni takardar shaidar malanta ba sai na sake zama. Na dawo gidanmu a Tiga da akwatina da baƙin cikina, na yi kwana uku ko tsakar gida ba na son fitowa.

Babanmu ma'aikacin ruwa ne a madatsar ruwan Tiga, ba mai yawan magana ba. Innarmu kuwa Bafulatana ce daga wajen Doguwa, a bakinta na tsinci ɗan Fillancin da nake ji. Ita ce ta fara gajiya da zamana. Ta ce, "Ke, wanda ya faɗi jarrabawa ai ba takaba yake yi ba. Tashi ki tsince min shinkafa."

Ana haka wani aminin Baba, hedimastan wata firamare a wani ƙauye tsakaninmu da Bebeji, ya aiko cewa yana neman wanda zai riƙe masa aji ɗaya. Malamai sun yi ƙaranci, hukuma ta yarda a ɗauki irinmu marasa takarda, da ƙaramin albashi, kuma ranar da mai takarda ya zo kai ne farkon wanda za a ce ya ba da wuri.

Yayanmu, wanda yake koyarwa a Kiru da takardarsa cas, ya zo gida ran Juma'a ya ji zancen. Ko ruwa bai gama sha ba ya ce, "Ba za ki ba. Ki zauna ki yi karatu ki sake zama. Na ga irinsu da yawa, sun shiga da niyyar shekara guda, yau furfura ta fito musu ana ce musu 'yan cike gurbi."

Na ce, "Yaya, zaman gida ne zai koya min lissafin?"

Ya ce, "To ke da lissafi ya kayar, me za ki koya wa 'ya'yan mutane?"

Wallahi maganar ta soke ni, don abin da nake tambayar kaina ke nan tun ranar da saƙon ya zo. Ina son aji, ina son alli a hannuna, tun ina ƙarama nake jera ƙannena a zaure ina yi musu tsawa. Amma ina tsoron in je in cuci yara. Ni kuma ba a gaya min magana in yi shiru, sai na ce masa ɗaya da ɗaya dai na san biyu ne. Baba ya raba mu. Ya ce in je in yi sati guda ina kallo kawai, in na dawo in faɗi abin da na yanke, ba wanda zai tilasta min.

Ran Litinin na hau bas ɗin Bebeji, na sauka a mararraba na taka sauran. Dawa ta yi kai, hanyar duk a tsakiyar gonaki take. Makarantar ɗaki huɗu ce da wata tsohuwar wilin mota a rataye jikin darbejiya, ita ce ƙararrawa. Hedimasta ya haɗa ni da malamin da ke riƙe da aji ɗaya da aji biyu a lokaci guda, wani ɗan birni mai tsafta, biro uku a aljihu. Mutumin kirki ne, kar in ɗauki alhakinsa, aiki ne ya yi masa yawa.

Na zauna a bayan aji kan benci, ya buɗe rajista yana kiran suna, yara suna amsawa. Can sai na ji ya ce, "Miyanda!" Shiru. Ya sake ɗaga murya, "Miyanda!" Ba wanda ya motsa. Ya yi tsaki ya nuna min wata yarinya siririya a jikin taga, da kitson Fulani da 'yan kunne na azurfa, ta zuba masa ido kawai.

Ya ce, "Kin gan ta nan. Wata guda ke nan, ko sau ɗaya ba ta taɓa amsawa ba. Na yi lallashi, na yi tsawa, har bulala na gwada. Ina jin kurma ce. Mun gama magana da hedimasta, ran kasuwa za a gaya wa ubanta ya riƙe abarsa a gida."

Na ce, "Malam, sake faɗar sunan."

Ya ce, "Miyanda."

Na ce, "Wa ya gaya maka sunan?"

Ya ce, "Ubanta mana, ranar da ya kawo ta. Na ce yaya sunanta, ya kau da kai ya ce Miyanda, na rubuta."

Dariya ce ta fara kufce min, na toshe baki da mayafi. Kafin ta sauka kuma raina ya ɓaci. Da Fillanci, in mutum ya ce "mi anndaa", cewa ya yi "ban sani ba". Yarinyar 'yar fari ce, ba sai an gaya min ba. Bafulatanin ruga ba zai kama sunan ɗan farinsa ba ko a gaban alƙali, bare a gaban baƙo cikin taron yara. Kunya ta sa bawan Allah ya ce bai sani ba, aka ɗauka aka rubuta a littafin gwamnati.

Na gaya wa malamin haka, kuma na san ban tausasa harshe ba. Ya ji haushi. Ya ce, "Yau kika zo, ko takarda ba ki da ita, za ki gyara min rajista?"

Na ce, "Ba ni da ita, Malam. Amma yarinyar nan ba kurma ba ce."

Na je na durƙusa a gabanta, na tambaye ta sunanta da guntun Fillancina na tsakar gida. Ta zabura, ta dube ni sama da ƙasa, sannan ta faɗa a hankali, suna mai sauƙi irin wanda kowane gida yake da shi. Na ce to me ya sa ba ta amsawa in Malam ya yi kira? Ta ce ai ba kiranta yake ba. Kullum da safe sai ya dube ta ya ce bai sani ba, ya sake cewa bai sani ba, sai ya yi fushi. Ita kuma ba ta san abin da bai sani ba, bare ta gaya masa.

Na fassara wa malamin abin da ta ce. Sai ya zare jan biro ya soke sunan da kansa, ya ce in maimaita masa na gaskiyan, ya rubuta a samansa. Da aka tashi daga makaranta kuma ya same ni gindin darbejiya ya ce, "Malama, a yi haƙuri da maganar ɗazu." Shi ne mutum na farko da ya kira ni haka.

Na ƙarasa satin. Ban zama gwana ba a kwana biyar, kar a ce na yabi kaina. Ran Laraba ya bar min ajin na awa guda, yara suka hau kaina, ɗaya ya fice ta taga, na koma gida muryata a dishe. Amma duk inda na juya a ajin, idon yarinyar nan yana kaina.

Ran Juma'a Yaya ya sake zuwa, na ba shi labari a gaban Baba da Inna. Inna ta yi dariya har da hawaye, sannan ta share ido ta ce, "Allah sarki, wata guda." Yaya bai yi dariya ba. Ya ce, "Wannan sa'a ce. Jin Fillanci ba shi ne malanta ba."

Na ce, "Gaskiyarka. Lissafin yana nan inda na bar shi, ban manta ba. Amma in na zauna a gida shekara guda ina jiran takarda, ajin nan rabin malami gare shi. Zan karɓa. Kai kuma tunda kana tsoron in cuci 'ya'yan mutane, duk Asabar zan zo Kiru ka koya min, in sake zama baɗi. In na faɗi in sake."

Ya ce, "Ke dai taurin kanki ya yi yawa."

Na ce, "A gida na samo."

Baba ya yi gyaran murya ya ce magana ta ƙare. Yaya ya tashi yana saka takalmi, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Ki zo da littafi mai layi, ban da makara."

Ran Litinin na isa tun ba a buga ƙararrawa ba. Hedimasta ya ɗauko fom yana cikewa, sunana, garinmu, makarantar da na yi. Da ya zo gurbin takardar shaida sai ya tsaya, yana jin nauyina. Ya ce, "'Yata, nan fa babu zan rubuta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, rubuta babu tukuna."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya rubuta yadda na ce, ya miƙo min rajista da alli biyu.

Na shiga aji. Na buɗe littafin na fara kira daga sama, muryata ba ta fita sosai, har na zo layin da aka soke da ja. Na karanta abin da ke rubuce a samansa. Ban rufe baki ba yarinyar ta miƙe tsaye a jikin taga, ta ce "Na'am!" da ƙarfin da ya sa duk ajin suka waiwaya.