Shekarar da Yaya ya fita daga gurup

Matso kusa ka ji yadda kalma ɗaya ta Faransanci ta hana hirar Sallarmu muryar yayana.

Danginmu sun watsu, wasu Kwatano, wasu Yamai, wasu Agadas. 'Yar yayana, wadda na goya tun tana rarrafe, yanzu tana koyarwa a lakwal, makarantar boko, nan Dogon Dutsi, ita ta buɗe mana gurup a waya. Duk Babbar Sallah ni ke yin tambayoyi, tun da ba na zuwa ko'ina, bakina kuma ba ya gajiya. Rubutu yana ba ni wuya, sai in danna in yi bokal, wato saƙon murya. In kama mutum ɗaya: me ka yanka, wa ya gasa maka, me kake kewa a gida? Ya amsa, kowa ya saurara, a yi masa tsiya. Wanda ya ce rago ya saya alhali ina jin kukan akuya a bayansa, ni ke tona shi.

Yaya yana Kwatano yana sayar da kayan babur. Ba mai kiran waya ba ne. Shekara takan zagayo ba mu ji shi ba sai a hirar nan, kuma nan kaɗai yake sakin baki.

Da hirar za ta cika shekara goma, yarinyar ta zo ta same ni ina tsintar shinkafa. Ta ce bana a koma wa waɗanda aka fara da su, a yi musu tambayoyin farko, a ji abin da ya sake. Ubanta ne zai buɗe, don shi ya buɗe ta fari. Ta sa aka yi mata hoto, rago a tsakiya da rubutu a sama, ta tura gurup.

"Gwaggo, ya yi kyau?"

Na ce ragon dai ya yi kyau. Rubutun ta karanta mini: anibarsar.

Kafin la'asar gurup ya ɗau zafi. Samarinmu 'yan kasuwa masu bin wa'azi suka ce wannan sunan bikin ranar haihuwa ne, mai kek da kyandir, bidi'a ce, ba za a liƙa ta jikin Sallah ba. Wata tsohuwarmu a Matankari ta ji ana ta maganar haihuwa, ta aiko da barka, tana tambaya mace ko namiji. Yarinyar ta yi ta bayani, rabi Hausa rabi Faransanci, cewa kalmar tana nufin cikar shekara ta kowane abu. Waya ce kawai ta nuna Yaya ya fita.

Ta goge hoton, ta sa wani mai rubutun Hausa. Samarin suka sauko. Ta kira ubanta, ina zaune.

"Baba, kalma ce fa kawai, na ma cire ta."

Ya ce ya ji, ya tambayi aikinta, ya yi mata albarka. Gurup dai bai koma ba.

Ranar Sallah muka fara da na biyu. Hira ta yi daɗi yadda ta saba, an yi dariya, wani ƙanenmu a Agadas ya yi kuka da aka tambaye shi furar gida. Kashegari ina suyar nama, na goge hannu na aika wa Yaya bokal, shi kaɗai.

"Yaya, ni ba anibarsar niz zo yi ba, hwaɗinta ma wuya yaka yi mini. Mi kay yanka?"

Sai da kasko ya huce amsa ta shigo.

"Ke dai ba ki barin mutum shi huta."

Daga nan ya zarce. Ruwan Kwatano ya jiƙa masa itace, maƙwabta suka taimake shi da gawayi. Gwiwarsa ta dama tana damunsa in ya yi sujada. Ya tambaya ko an yi shuka wajen Kore Mairuwa, ya ce naman can ba ya ƙamshi irin na Arewa ko me aka barbaɗa masa. Ya daɗe yana magana, har da dariya. Da zai rufe ya ce, "To jama'a, nawa ke nan, a ba na gaba."

Na sa wa 'yar tasa ta ji. Ta ce, "Tura, Gwaggo! Ai da mu yake. Wane na gaba ke gare ki ke ɗaya?"

Na ce mutum ya fita da ƙafarsa, ban ga yadda zan mai da shi ciki bai sani ba. Ta ce to in tambaye shi. Shi ma ban yi ba, don na san Yaya: in aka tambaye shi kai tsaye a'a zai ce, kuma baɗi ko ni ba zai amsa wa ba.

Haka cikar shekara goman ta wuce babu mai buɗewa. Na dai gaya wa gurup yana lafiya, ya yi layya, gwiwa na ɗan taɓa shi. Bokal ɗin yana nan cikin wayata.

Kai da ka ji, mutumin da ke magana da ƙanwarsa ita kaɗai ya ce "jama'a", izini ya ba ni, ko bakinsa ne ya saba?