Akwatin da Mainasara Ya Ce Buɗaɗɗe Ne

Shagon ɗinkina yana jikin rumfar Mainasara mai gyaran rediyo a kasuwar Goronyo. Shekara goma sha tara ina shaƙar hayaƙin dalmarsa. Mutum ne mara yawan magana, har nakan tsokane shi cewa rediyoyinsa sun cinye masa baki. Amma in ya ce abu zai gyaru, mutane ba sa sake tambaya.

Shekara uku da suka wuce wata ƙungiya ta kawo wa masu noman rani injin ban ruwa na sola. Kowane inji yana da ɗan akwati mai sarrafa wutarsa. Jami'insu, wani saurayi Ja'afar, ya tara manoma ya ce akwatin buɗaɗɗe ne: waɗanda suka ƙera shi sun saki zanensa ga duniya, kowane mai gyara zai iya gyara shi, ba sai an kai Sakkwato ba. Manoma ba su yarda da mai takarda ba. Suka aika aka kira Mainasara.

Ya zo da sukudirebansa, ya kwance noti huɗu, murfi ya ɗaga. Ya leƙa, ya ga koren faranti da wayoyi irin waɗanda ya saba gani.

"Buɗaɗɗe na," in ji shi.

Abin da yake nufi ke nan, ya buɗu. Duk mu ma haka muka fahimta. A kan wannan kalma amininsa Mode, manomin albasa daga Rimawa, ya rabu da tsohon injinsa na fetur ya karɓi na sola.

Bana, albasa ta fara kai, rana tana dukan fadama, akwatin Mode ya mutu. Ya ɗauro shi a babur ya ajiye gaban Mainasara, ya ce zai dawo bayan la'asar. Hankalinsa kwance.

Mainasara ya ɗaga koren farantin nan da bai taɓa ɗagawa ba. A ƙarƙashi akwai wata 'yar ƙwaya, ita ce ƙwaƙwalwar akwatin. An dulmiya ta cikin baƙin danko mai tauri kamar dutse, gefen da ya fito kuma an kankare lambarta. 'Yarsa Raihana, mai karatu a kwaleji, ta nemo masa zanen a wayarta. Komai yana nan, waya bayan waya, sai daidai wurin ƙwayar an bar farin fili.

Mainasara ya kira Ja'afar, wanda ya daɗe da barin aikin, ya buɗe muryar wayar. Ina jin su.

"Baba, ko su can masu ilimin abin suna ta gardama. Wasu sun ce tunda an saki mafi yawan zanen, buɗaɗɗe na. Wasu sun ce yaudara ta, tunda an ɓoye zuciyar," in ji Ja'afar.

"To albasar Mode hwa? Mi za ni ce mishi?"

Ja'afar ya ce sabon akwati zai ɗauki wata guda.

Ni dai raina ya ɓaci, na yi ta zagin masu ƙirar har na karya allura. Shi ko Mainasara ya duƙufa kan akwatin. Kwana shida yana kankarar dankon da reza, a hankali, ba fushi ba gaggawa, kamar ba ya cikin jikinsa. Akwatin bai gyaru ba. Mode ya zaga neman aron inji, kowa nasa yana bakin aiki. Ya koma jan ruwa da guga shi da iyalinsa, fadama ta fi ƙarfinsu.

Bayan cirar albasa Mode ya zo. Ba faɗa. Ya gaishe shi yadda suka saba, ya tambayi iyali. Kowace shekara yakan kawo wa Mainasara buhu guda na alheri. Bana kwano ya ajiye, albasa ƙanana kamar goro.

"Ga naka, Mainasara. Abin da anka samu ke nan."

"Ni nac ce buɗaɗɗe na."

"Kai kac ce. Ai ka ga ya buɗe."

Ya hau babur ya tafi. Mainasara ya daɗe yana kallon kwanon. Daga nan ya jawo akwatin, ya mayar da murfin, ya ɗaure notin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya.

Jiya wata tsohuwa ta kawo masa fitila mai caji, ta tambaye shi ko za ta gyaru. Fitilar da zai gyara ido rufe. Ya juya ta a hannu, ya ce, "Ban sani ba, Inna."