Rigar da ta yi Sallah uku

Shekarun baya, tun muna cikin Jihar Sakkwato, ina aure a Jiga Birni, babban gida ne na manoman albasa. Ɗana na fari ya shekara biyar, amma in ka gan shi sai ka rantse bai daɗe da yaye ba. Akwai wata riga shuɗiya da babansa ya ɗinka masa, Sallah uku yana saka ta, har yanzu tana share ƙasa. Ƙannensa na gidan duk sun wuce shi. Ciki ya yi gaba, ƙafafu kamar sillen kara, gashi ya yi ja.

Babu abin da ba a yi ba. An sha rubutu, an sha jiƙo, an yi turare. Wata maƙwabciya ta ce iska ce, wata ta ce gadon gajarta ne, alhali babansa sai ya sunkuya yake shiga ɗaki. Ni kuwa bakina a rufe, domin ɗan fari ne. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta jansa a jiki gaban mutane. Ni da ba na iya shiru ko a gidan makoki, a kan yaron nan na zama kurma. Sai dai in shiga ɗaki in yi kukana, ina tsoron kar ya tafi ya bar ni.

Ranar wata kasuwar Jega surukata ta ce mu bi motar albasa mu kai shi asibiti. Wata malamar asibiti ta rataye shi a sikeli kamar buhu, ta duba idonsa, ta danna cikin. Ta ce akwai tsutsar ciki, ta ba da magani. Sannan ta juyo gare ni.

"Da wa shika cin abinci?"

Na sunkuyar da kai. Surukata ta ce, "Da 'yan'uwanshi mana, akushi guda, su bakwai."

"Loma nawa shika samu?"

Muka kalli juna. Wallahi ban sani ba. Ni ke tuƙa tuwon, ban taɓa tsayawa na ga ya ci ba. Malamar ta ce, "Ku tai gida ku ƙirga. Yaro ba ya girma da ƙamshin miya."

Washegari da rana na ajiye masu akushi, na laɓe bayan rumbu kamar ɓarauniyar kaji. Ashe yaron nan ba ya iya cin abu da zafi. Ya yanko loma yana hurawa, yana hurawa, manyan kuwa hannu baka hannu ƙwarya. Kafin ya haɗiye ta biyu sun sauke akushi suna siɗe yatsu. Ya lashe hannunsa ya tashi, ko kuka bai yi ba, ya saba.

Na manta da wata kunya, na fito a guje zani na kwancewa, na nufi surukata da muke kira Inna. "Inna, biyu! Biyu kawai yac ci!" Ina dariya ina hawaye, domin na gane ba iska ba ce, abin da ke damunsa yana cikin tukunyata.

Na ce a raba masa kwano. Nan fa Inna ta ɗaure fuska. "Gidan ga ba a raba akushi. Raba akushi raba zumunci ne. Kuma ke, ɗan fari za ki zauna kina ba abinci a baki? Mi za a ce?"

Na yi tsaye. Ta daɗe tana kallon jikanta, sannan ta jawo shi. Kun san wasan kaka da jika. Ta ce, "To ai wanga mijina ne. Wa ya taɓa ganin maigida na cin tuwo da yara? Daga yau da matarshi zai ci. Kai maigida, rowarka ta ishe ni, ko kuɗin cefane ba ka badawa."

Shi ke nan. Inna ta riƙa fifita masa tuwo har ya huce. Ni kuma ina daga madafa ina turo kunun gyaɗa, da wake, da kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, kamar yadda malamar ta ce. Har ƙwai Inna ta dafa masa, ita da ke cewa ƙwai na sa yaro sata.

Kafin a cire albasar wannan shekarar, kumatu sun fito. Da Sallah ta zo aka ɗauko shuɗiyar riga, ta tsaya masa a gwiwa, wuyan ya ƙi wuce kai sai da aka ja. Na rangaɗa guɗa a tsakar gida, matan gida suna ta yi mani tsiya wai na zubar da kunya. Inna ta ce, "Ku ƙyale ta, kishi take da ni."

Yau shi ma sai ya sunkuya yake shiga ɗakina. Har yanzu ban taɓa kiran sunansa ba, wannan kunyar tana nan. Amma duk ranar da jikokina suka zagaye kwano, sai in jawo kujera in zauna kusa, ina surutuna, idona na kan hannun ƙaramin cikinsu ina ƙirgawa.