Na Je Maiduguri Duba Ɗalibi, Na Dawo Da Majinyaci

Ana idar da sallar asuba motarmu ta bar Kano. Ni da maƙwabciyata ce, ita za ta saro turaren wuta, ni kuma zan duba ɗan yayana da ke karatun jami'a a Maiduguri, wanda ya daina ɗaga waya.

Har Potiskum lafiya lau, ban da masar da aka sayar mana da tsada kuma a sanyaye. Daga Damaturu wahala ta fara. Kowane shingen sojoji sai a sauke mu, mu taka da ƙafa hannuwa a sama, ga ni da ciwon gwiwa. Ƙauyukan gefen hanya a ƙone, ko akuya babu. Direba sai faɗa yake, wai in muka makara za a rufe hanya.

Da la'asar muka shiga gari. Mai keke ya bi da ni ta Kasuwar Kwastam, ƙamshin bandar kifi ko'ina, mutane na cinikinsu kamar ba a yaƙi.

A ɗakin da yake haya na same shi da abokansa, kowa ido jajur. Sun turara ɗakin, amma warin sigari ya fi ƙarfin turaren. Na ɗauki wata robar lemo zan jiƙa maƙoshi, ya fizge ta.

"Gwaggo, kar ki sha."

"Me ke ciki?"

Ya sunkuyar da kai. Wani abokinsa, harshe ya yi masa nauyi, ya ce maganin tari ne da taramol, wasu ma har giya suke ƙarawa. Yana bayani kamar mai koya mini girki.

Na kori abokan duka. Na yi masa faɗa har muryata ta dishe. Sai da na gaji ya ce, "Tun ranar da bam ya tashi a gabana, in ban sha ba, ba na barci. Da sigari na fara."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Kullum tambayarku ɗaya ce, an kawo hari? In na ce a'a, sai ku yi hamdala ku kashe waya."

Abin ya ƙara ƙona mini rai.

Washegari na haɗa masa kaya, na ce jarrabawa ta jira. A hanya sai gumi da karkarwa yake, ya sa aka yi ta tsayawa yana amai, fasinjoji na tsaki, ni ina ba da haƙuri.

Da magariba muka iso gida. Yanzu yana ganin likita, ubansa kuwa har yau bai yi masa magana ba. Masu 'ya'ya a makarantun nesa, ga abin da na koyo: a waya kowa lafiya yake. Ku tashi ku je ku kalli idonsu.